Layin Rana da Layin Inuwa

Wata rana, a tsakiyar bazara, wata jam'iyya ta kira babban taronta na jiha don zaɓen sabon shugaba.

Kada ku tambaye ni wace jam'iyya ce. Na san halinku, kowa zai rantse ta abokin hamayyarsa ce.

Cikin 'yan sa-kai da suka fito aikin taron akwai wani mai gyaran waya, sunansa Tanimu.

Shekara goma sha ɗaya yana yi wa jam'iyyar nan bauta. Shi ne liƙa fosta, shi ne jera kujeru, shi ne hawa kan mota ya ɗaura lasifika. In an ci zaɓe ya fi ɗan takara murna. In an faɗi, sai ya yi kwana biyu bai buɗe shago ba.

Kuma abin da yake nema bai taka kara ya karya ba. Sakataren yaɗa labarai na mazaɓarsu, shi ke nan. Muƙami ne da ko ofis ba shi da shi. Amma Tanimu ya gaji da a riƙa ce masa "kai mai waya" a gaban yaran da suka shigo jam'iyya jiya. Yana so a kira shi da muƙami ko sau ɗaya ne kafin ya mutu.

Ubangidansa a siyasa, Honorabul Sallau, shi ne shugaban kwamitin shirya taron. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Bayan taron nan maganarka ta zama. Ka dai riƙe aikinka."

Aikin da aka ba shi kuwa shi ne kula da ruwan sha.

Mutum biyu ke neman kujerar shugabancin jam'iyyar. Alhaji Maikano, wanda manya ke so, da Injiniya Barau, wanda ya ƙi janyewa. Jam'iyya ɗaya, tuta ɗaya, amma wata uku ke nan magoya bayansu ko gaisawa ba sa yi a wurin ɗaurin aure.

Tanimu na Alhaji Maikano ne, tunda ubangidansa can yake.

Da sassafe ana sauke buhunan ruwan leda daga mota a bakin filin wasa, sai ga Sista Lantana, wata ma'aikaciyar jinya da ta zo sa-kai a rumfar agajin gaggawa. Kowa ya san ita ta Injiniya ce, ba ta ɓoyewa.

Tanimu bai iya ganin ɗan ɓangaren can ya yi shiru ba.

Ya ce, "Sista, ku ne dai matsalar jam'iyyar nan. Manya sun zauna sun ce a yi maslaha a bar wa Alhaji, ku kuka ce sai an yi zaɓe. Ga shi kun tara mu a rana."

Ta ce, "Manyan su nawa ne, Malam Tanimu? Su bakwai a falo da sanyin na'ura. Mu dubu nawa ne a waje?"

"Haɗin kai shi ne a bi na gaba."

"To in na gaban ya nufi rami fa?"

"Ai ku ba jam'iyya kuke so ba, kanku kuke so. Gobe in kun sha ƙasa za ku naɗe tabarmarku ku koma wani gida, ku riƙa zaginmu a rediyo."

Ta ɗauki buhunta biyu ta ce, "In muka faɗi da gaskiya, wallahi ni zan fara yi wa Alhaji kamfe a unguwarmu. Kai dai ka tabbatar da gaskiyar aka kayar da mu."

Ya bi ta da harara. Ya ce wa na kusa da shi, "Ka ji munafuncin banza."

Yanzu bari in gaya wa waɗanda ba su taɓa zuwa irin wannan taro ba yadda ake zaɓen.

Ƙato bayan ƙato ake yi. Babu ƙuri'a, babu akwati. Kowane ɗan takara a kafa hotonsa, wakilai su yi layi a bayansa, a bi su ana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya.

Kuma akwai doka. Da zarar an busa usur an rufe layi, duk wanda ya fita ya fita ke nan. Ba ya dawowa, ba a ƙirga shi.

To wa ke zaɓar inda kowane layi zai tsaya?

Kwamitin shirya taro.

Layin Alhaji Maikano aka shimfiɗa shi a ƙarƙashin doguwar rumfar manyan baƙi, inuwa tun daga farko har ƙarshe.

Layin Injiniya Barau aka kai shi tsakiyar fili, inda ko ciyawa ta haƙura ta bushe.

Ƙarfe sha ɗaya saura, Honorabul Sallau ya yafito Tanimu da hannu. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, yana gyara hularsa.

"Ruwan nan kada ya riƙa yawo a fili, zai kawo hargitsi. A tara shi wuri ɗaya, a inuwa. Mai so ya zo ya ɗauka. Ka gane ko?"

"Na gane, ranka ya daɗe."

Kuma ya gane ɗin. Kada wani ya zo ya ce min Tanimu bai san me ake nufi ba. Mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya a harkar nan ya san me "mai so ya zo ya ɗauka" ke nufi a wurin da mai fita ba ya dawowa. Har wani daɗi ya ji a ransa, wai shi ma yau an saka shi cikin sirrin manya.

Ƙarfe sha ɗaya aka busa usur.

Sha ɗaya da rabi, ba a fara ƙirga ba. Wai ana jiran masu sa ido.

Sha biyu, wai masu sa ido sun iso amma suna duba takardu.

Sha biyu da rabi, wai takardar wata ƙaramar hukuma ta ɓata.

'Yan layin inuwa suna shan ruwa mai sanyi, suna zubar da rabi, wasu har wanke fuska suke yi. 'Yan layin rana suna kallonsu, tsakaninsu bai fi taku talatin ba.

Aka fara fita. Wata mai goyo ce ta fara, ɗanta na tsala kuka. Sai wani mai ƙiba da ya jiƙe sharkaf. Sai tsofaffi biyu riƙe da juna.

Duk wanda ya iso, Tanimu ya miƙa masa ruwa da hannu biyu, da fara'a, har da "sannu da ƙoƙari". A zuciyarsa kuwa lissafi yake yi. Goma sha tara. Ashirin. Ashirin da ɗaya.

Sista Lantana ta zo a guje da bokiti biyu.

"Cika min, zan bi layin can in raba."

"Ba a yarda ba."

"Wa ya hana?"

"Tsari ne. Ke rumfarki aka ba ki, kuma an ba ki buhu biyu."

"Sun ƙare tun ɗazu! Mutum shida ke kwance a wurina. Malam Tanimu, akwai masu hawan jini a layin nan, akwai masu ciwon suga. 'Yan jam'iyyarka ne fa!"

Ya ce, "'Yan jam'iyyata suna jin maganar manya."

Ta tsaya ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ce, "Allah ya isa tsakaninsu da kai." Ta juya da bokitanta babu komai.

Ya yi dariya don mutane su ga bai ji zafi ba.

Wajen ƙarfe ɗaya aka aiko cewa masu ƙirga suna jin ƙishi, a kai musu ruwa teburinsu. Teburin yana can ɗaya gefen filin, kuma babu hanya sai ta gefen layin rana.

Tanimu ya saɓa buhu a kafaɗa. Leda ashirin, da sanyinsu, suna ɗiga a bayan rigarsa.

Ya sunkuyar da kai yana sauri. Ana kiransa, "Malam! Mai ruwa! Don Allah!" Ya yi kamar ba da shi ake ba.

Sai ya ji an kira sunansa.

"Tanimu."

Ya ɗago. Wani dattijo ne siriri, da 'yar shara fara da ta sha wanki, ya dogara da sanda. Leɓɓansa sun bushe sun yi fari.

Baba Nomau.

Shekara huɗu da suka wuce, motar kamfe ta lalace wa su Tanimu a wani ƙauye mai nisa, damina ta cinye hanya. Wannan tsohon ne ya kwashe su su biyar ya kai gidansa. Ya yanka musu zabi biyu, ya bar musu ɗakinsa ya koma zaure. Da za su tafi suka yi masa godiya, ya ce, "Haba, ai gida ɗaya muke."

Shi ne yau a layin Injiniya, ya taso tun asuba a bayan a-kori-kura.

Ya ce, "Ɗana, leda ɗaya."

Tanimu ya waiga. Honorabul Sallau yana tsaye a bakin rumfa, ya harɗe hannuwa, idonsa a kan fili.

"Baba, ruwa na can inuwa. Taku kaɗan ne."

"In na je, za a ƙirga ni?"

"A'a, Baba."

Tsohon ya kalli buhun da ke kafaɗarsa. Ya kalli fuskarsa.

"To wuce da abinka, ɗana."

Ya wuce.

Wallahi ya wuce.

Ya kai wa masu ƙirga ruwansu, suka sha leda shida, sauran suka tura ƙarƙashin tebur.

Bai lura da wata mata a layin ba, da ta ɗaga wayarta tun daga "leda ɗaya" har zuwa lokacin da ya juya baya.

Ɗaya da rabi aka fara ƙirga. Layin inuwa aka fara, a tsanake, ana yi ana raha. Sannan aka zo layin rana.

Mai ƙirga yana tafe yana taɓa kafaɗu. Saura mutum huɗu ya iso kan Baba Nomau, sandar ta zame. Tsohon ya tafi gaba ɗaya, ya faɗi ta gefen hagu, ko hannu bai kai ƙasa ba.

Aka yi salati. Sista Lantana ta keto fili da gudu, ɗankwalinta a hannu. Mutum biyu suka fita daga layin suka taya ta ɗaukarsa, su ma ƙuri'arsu ta tafi ke nan.

Mai ƙirga ya tsallake gurbin ya ci gaba da lambarsa.

Alhaji Maikano ya samu ɗari huɗu da sittin da uku. Injiniya Barau ɗari huɗu da arba'in da ɗaya.

Ratar ashirin da biyu. Waɗanda ƙishi ya fitar daga layi sun haura saba'in.

Tanimu ya yi rawa a filin nan har hularsa ta faɗi. Ya ce wa kansa tsohon gajiya ce kawai, za a yayyafa masa ruwa ya tashi. Da ya ji wani abu na taɓa shi a ƙirji, sai ya ƙara ƙarfin ihu.

Ba gajiya ba ce. Ɓarin jikin Baba Nomau na hagu ne ya shanye.

Kafin la'asar ɗin washegari bidiyon ya gama zaga jihar. Fuskar Tanimu tar, buhu a kafaɗa, muryarsa a fili: "A'a, Baba."

Masu kawo gyaran waya suna zuwa shagonsa, bidiyon na cikin wayoyin da suke miƙo masa. Wata mata ta karɓe tata ta ce ta fasa. Matarsa ta daina zuwa islamiyya saboda kallo.

Shi kuwa yana ta cika baki. "Ku bari a gama rantsar da shugabanni, za ku ga yadda jam'iyya ke riƙe nata."

Ɓangaren Injiniya suka ce za su fice gaba ɗaya, da wakilansu da ƙananan hukumominsu. Ga babban zaɓe saura wata bakwai. Hankalin manya ya tashi.

Aka shiga ɗaki. Kwana huɗu ana sulhu.

Rana ta biyar aka kira taron manema labarai a wani babban zaure. Aka kira Tanimu ya zo aiki kamar kullum. Ya saka sabuwar shadda, don a ransa yau za a karanta sunayen masu muƙamai. Shi ya jera kujerun, shi ya gwada lasifikar.

Alhaji Maikano da Injiniya Barau suka shigo riƙe da hannun juna. Suka rungumi juna, suka sake rungumar juna don wani mai hoto bai samu na farko ba.

Alhaji ya ce Injiniya ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Injiniya ya ce dama can babu wata rigima, 'yan baranda ne ke hura wuta. Suka nuna hoton da suka ɗauka tare a asibiti, ɗaya a dama ɗaya a hagu, Baba Nomau a tsakiya bakinsa a karkace.

Sai Honorabul Sallau ya tashi karanta abin da aka cimma.

Na ɗaya, Injiniya Barau ya zama mataimakin shugaba. Aka tafa. Tanimu ya tafa.

Na biyu, za a raba sauran muƙamai tsakanin ɓangarorin biyu. Aka tafa. Tanimu ya fi kowa.

Na uku, jam'iyya ta yi Allah wadai da abin kunyar da ya faru a filin taro, kuma ba za ta lamunci duk wani mai yi wa haɗin kanta zagon ƙasa ba.

Tanimu yana cikin tafi, don ya ɗauka da su Sista Lantana ake.

"Saboda haka, an kori Tanimu mai gyaran waya daga jam'iyya, kora ta har abada, bisa hana wakilai ruwa da gangan, ba tare da sani ko umarnin kowa ba."

Hannayensa suka tsaya a sama.

Zauren ya ɗauki tafi, irin wanda ba a yi wa na ɗaya da na biyu ba. 'Yan Alhaji da 'yan Injiniya, yau dai sun samu abin da suka yarda da shi baki ɗaya.

Wasu 'yan sa-kai biyu da shi ya koya musu aiki suka zo, ɗaya ya cire masa katin da ke wuyansa, ɗaya ya nuna masa ƙofa.

Bai tafi ba. Ya tsaya a wurin ajiye motoci har aka tashi. Da ya hango Honorabul Sallau zai shiga mota, ya sha gabansa.

"Ranka ya daɗe, kai fa ka ce a tara ruwan a inuwa."

"Na ce a tara ruwa. Na ce ka hana dattijo? Ka ji na ambaci sunan wani?"

"Shekara goma sha ɗaya, ranka ya daɗe..."

"Tanimu, sai da aka ba 'yan Injiniya wanda za a hukunta kafin su yarda su zauna. Ni za a ba su? Ko Alhaji? Kai ne a bidiyo. Ka yi haƙuri, ka ɗauka gudummawarka ce."

Ya buɗe ƙofar gaba ya shiga.

Kafin ya rufe, Tanimu ya hango kujerar baya. Alhaji Maikano da Injiniya Barau ne zaune kafaɗa da kafaɗa. Injiniya na nuna wa Alhaji wani abu a waya, su biyun suna ƙyaƙyata dariya har da buga cinya.

Ko ɗagowa ba su yi ba. Ba su ma san yana wurin ba.

Motar ta ja.

Darasi:

Kada wanda ya rubuto min "Allah sarki Tanimu". Ni tausayina yana wurin tsohon da daminar bana za ta sauka bai iya riƙe fartanya ba.

An cuci Tanimu, gaskiya ne. Amma kafin a cuce shi, shi ya fara cutar wanda ya taɓa ba shi ɗakin kwanansa. Babu wanda ya riƙe masa hannu. Leda ɗaya aka roƙe shi, yana ɗauke da ashirin.

Ku da kuke zagin iyayen juna a nan kullum saboda Alhaji wane da Injiniya wane, ku buɗe kunnenku. Rigimar manya tana da ranar ƙarewa, kuma ba za a gayyace ku ranar ba. Za su shirya a falo, su raba kujeru, su ɗauki hoto. In sulhun na buƙatar wanda za a yanka, ba daga cikinsu za a zaɓo ba.

Kai kuma za ka koma unguwa, ka ci gaba da haɗuwa da mutanen da ka wulaƙanta a masallaci, a kasuwa, a maƙabarta.

Duk umarnin da mai ba da shi ya kasa faɗa da ƙarfi a gaban mutane, ka sani ya riga ya shirya musanta shi. Kuma duk wanda ya ce maka haɗin kai na buƙatar ka zalunci ɗan'uwanka, ba haɗin kai yake nema ba, hannun da zai yi masa ƙazamin aiki yake nema.

Yi siyasarka. Yi sa-kai, bi wanda kake so. Amma ka bar wa kanka fuskar da za ka iya komawa gida da ita.

Ka san wani Tanimu a danginku ko a unguwarku, wanda ya daina gaida maƙwabcinsa saboda ubangida? Tura masa wannan yau, tun bai saɓa buhunsa ba.